Yadda ake neman dodon koɗin teku marar ɓawo, da yadda ake gane irinsa

Tambaya: Na ga hotunan wasu ƙananan halittun teku masu launi iri-iri, an ce dangin dodon koɗi ne amma ba su da ɓawo, kuma wai ana samunsu a ruwa marar zurfi. Na sha zuwa gaɓar teku mai duwatsu ina dubawa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Ina suke ɓuya? In na samu, ta yaya zan san ko wane iri ne? Kuma akwai haɗari a taɓa su?

Amsa: Ɗan'uwa, mai yiwuwa ka riga ka wuce ta kansu ba ka sani ba. Hotunan da ka gani an ɗauke su ne da kyamara mai kusanto da ƙaramin abu, sai dabbar da ba ta kai santimita 2 ba ta cika fuskar waya. Akwai manya, amma da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a bakin gaɓa ƙanana ne ƙwarai. Ga kuma wani abu: jikinsu ruwa ne ke riƙe da shi. In teku ta janye ta bar ɗaya a kan dutse, sai ƙahonninsa su lanƙwashe, jikin ya lafe, ya koma ɗan curin yauƙi marar siffa. Wanda bai saba ba zai dube shi ya kau da kai. Sai an mayar da shi cikin ruwa, a jira minti ɗaya ko biyu, sannan ya miƙe ya buɗe, ka ga abin da ke cikin hoton.

Shawarata ta farko ita ce ka daina neman dabbar kanta, ka koyi gane abincinta. Dalili kuwa yana cikin yadda take rayuwa. Kusan kowane iri yana da abin da ya ƙware wajen ci, wasu ma nau'in abinci ɗaya tak suka sani. Ba su da sauri. Idanunsu ɗigo biyu ne a ƙarƙashin fata, haske da duhu kawai suke bambantawa. Rayuwarsu gajera ce, daga 'yan makonni zuwa kimanin shekara guda ga yawancinsu. Mafi yawa suna ƙyanƙyashewa ne a matsayin 'yar tsutsa mai yawo a cikin ruwa da ɗan ɓawonta, kuma a nau'o'i da dama ba ta sauka sai ta ji ƙanshin abin da za ta ci. A nan take sauka, ta yar da ɓawon, ta girma a kan abincin, ta yi barbara a kansa, ta saka ƙwai a gefensa. Saboda haka duk wanda ya iya gane abincin ya yi rabin aikin nema, ya kuma yi wani kaso na aikin gane suna.

Abincin da ya fi muhimmanci ka fara sani shi ne soson teku. Dabba ne, ko da yake ba ya motsi. A ƙarƙashin duwatsu da inuwar tsagogi za ka gan shi a shafe kamar an liƙa shi, rawaya ko ja ko ruwan goro ko kore-kore, da 'yan ƙofofi a jikinsa. A gaɓar Turai, Doris pseudoargus, wani mai kauri mai gurzajjen baya, yana zama a kan soso Halichondria panicea, kuma launinsu ya yi kama har sai ka ga ramin da ya ci kafin ka gan shi. A gaɓar Amurka ta ɓangaren Fasifik akwai Rostanga pulchra, ja a kan jan soso, har ƙwansa ma ja ne, domin daga soson yake ɗaukar launin. In ka ga soso, ka tsaya ka bi gefensa da ido, ka nemi wurin da ya ɗan tasa ko wurin da ya koɗe.

Na biyu su ne haidiroyid, wasu ƙananan dabbobi masu siraran rassa da ke tsirowa a kan dutse, ko igiyar da ta daɗe a ruwa, ko ƙafar gada. Mutum zai ɗauka ciyayi ne, alhali dangin halittun teku ne masu harbi. A cikin rassansu ake samun 'yan gidan Doto da Eubranchus da Facelina, wasunsu ba su wuce milimita 5 ba. Sai anemoni, mai zama wuri ɗaya da zagayen hannuwa masu harbi, wanda Aeolidia papillosa ke ci. Sai buryozowa, farin shafi mai ƙananan ɗakuna a jere da ke bin jikin faffaɗar ciyawar teku, wanda Polycera quadrilineata ke kankara. Onchidoris bilamellata shi kuma yana cin 'yan halittun nan masu taurin ɓawo da ke manne wa dutse da jikin jirgin ruwa. A kan korayen ciyayin teku irin Codium da Bryopsis da Caulerpa ake neman 'yan gidan Elysia. Akwai ma gidan Favorinus, waɗanda abincinsu ƙwan sauran 'yan'uwansu ne.

Tunda an zo maganar ƙwai, shi ne alamar da ta fi saurin kama ido. Kowane ɗayansu yana da gaɓar namiji da ta mace, ƙofar kuma tana gefen dama, shi ya sa in biyu za su yi barbara sai su jeru kai da wutsiya, dama da dama, kuma duka biyun suna iya saka ƙwai bayan haka. Masu faffaɗan baya suna saka shi a siffar ƙyallen zare mai faɗi, a nannaɗe, gefe ɗaya manne da dutse, fari ko rawaya ko ja. Masu yatsu a baya nasu siririn zare ne a murɗe. Zomon teku, wani babba daga cikinsu, nasa tarin dogayen zaruruwa ne a cukurkuɗe, da ƙwai miliyoyi a ciki. Ƙwan ba ya ɓuya kamar mai shi. In ka gan shi sabo, ka duba kewayensa a hankali, sau da yawa iyayen suna nan kusa.

Lokaci kuma yana da nasa. Yawancin gaɓoɓi ruwa na janyewa sau biyu a yini, tsakanin ɗaya da ɗaya kimanin awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara matsawa gaba da kusan minti 50. Amma ba kowace janyewa ce ke da amfani gare ka ba. Wadda kake so ita ce mai nisa, wadda ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa, domin ita ce ke buɗe ƙasan gaɓa inda ruwa bai cika barin wurin ba, kuma can ne soso da haidiroyid suke. A wurare da yawa mafi nisan janyewa na zuwa ne wajen watan Maris da Satumba. Ka nemi jadawalin cikowa da janyewar ruwa na gaɓar da za ka, ka isa awa ɗaya ko biyu kafin ƙarshen janyewar, ka riƙa bin ruwan yana ja kana binsa. A tekun da ba ta da janyewar kirki, irin Bahar Rum, sai dai a sa tabaraun ninkaya da bututun numfashi a bi gefen duwatsu a zurfin mita ɗaya zuwa biyu. Gadojin katako ko na roba masu iyo a saman ruwa a tashar ƙananan jirage ma wuri ne mai albarka: ka kwanta ka leƙa gefensu, domin abin da ke manne a nan ba ya taɓa bushewa. Da dare kuwa, da tocila, abin ya fi, saboda da yawa sai duhu ya yi suke fitowa. Amma kada ka fita da dare kai kaɗai, kuma kada ka fara da dare a gaɓar da ba ka san ta da rana ba.

In ka sami kwarmin dutse mai kyau, mai inuwa da ciyayi da soso, kada ka yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Zauna a kansa minti goma ko sha biyar. Ido yana bukatar lokaci kafin ya saba da ƙaramin abu, kuma motsi ne ke tona su, motsin ƙaho ko na tuntun numfashi da ruwa ke kaɗawa. Da ka ga na farko, na biyu ba ya wuya, saboda yanzu idonka ya san girman abin da yake nema.

Kayan aiki ba su da yawa: takalmin da ba ya santsi, gilashin ƙara girman abu mai ninki 10, ƙaramin farin kwano ko faranti mai ɗan zurfi, burushin fenti mai laushi, ƙaramar rula, da waya ko kyamara. In za ka ɗaga dutse, ka ɗaga wanda za ka iya mayarwa, ka kuma mayar da shi yadda ka same shi, fuskar ƙasa a ƙasa. Wannan ina yi maka nacinsa da gaske. Abin da ke zaune a ƙarƙashin dutse ba ya jure rana, na sama kuma ba ya jure duhu, dutsen da aka bari a kife yana kashe duka biyun, kuma sai an daɗe kafin wurin ya farfaɗo. In ya zama dole ka ɗauki dabbar don ka duba ta, ka tura ta da burushi cikin kwano mai ruwan wurin, kada ka fizge ta da yatsa, domin tafin da take rarrafe da shi yana yagewa. Ɗan ruwan kwano yana ɗumama da wuri, iskar da ke cikinsa ta ragu, don haka ka ajiye shi a inuwa, ka gama cikin 'yan mintuna, ka mayar da ita daidai kan abin da ka same ta. Kada ka kai ta gida da niyyar kiwo. Tunda abinci ɗaya ta sani, yunwa ce za ta kashe ta.

Game da taɓawa: yawancinsu ba za su yi wa fatar hannu komai ba, cutar tana kansu ne, ba a kanka ba. Amma akwai waɗanda za a kiyaye. Glaucus atlanticus, ɗan shuɗi da azurfa mai tsawon kimanin santimita 3, yana yawo ne a saman teku yana cin Physalia, halittar nan mai shuɗiyar jaka da dogayen zaruruwa masu zafin harbi. Yana tara ƙwayoyin harbin a jikinsa, kuma iska kan koro shi bakin yashi. Kada ka ɗauke shi da hannu. Na biyu, kada a ci ko ɗaya, kada kuma a bar yaro ko kare ya sa a baki. A shekarar 2009 karnuka sun mutu a gaɓar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, bincike ya gano cewa Pleurobranchaea maculata, wani mai launin toka da ruwa ke korowa, yana ɗauke da tetrodotoksin, dafin da aka sani a jikin kifin nan mai kumbura. Wasu kuma suna fitar da asid irin na ruwan batir daga fatarsu, don haka ka wanke hannu kafin ka taɓa ido. Sai dai haɗarin da ya fi waɗannan duka shi ne na wurin: santsin dutse, igiyar ruwa da ke zuwa ta bayan mutum, ruwan da ke dawowa ya datse hanya, da maƙwabtan da ke ƙarƙashin dutse, irin bushiyar teku da dodon koɗi mai ɓawo na gidan Conus, wanda harbinsa ke iya kisa a tekuna masu ɗumi. Kada ka cusa hannu inda idonka bai gani ba.

To, ka samu. Yanzu sai gane ko wane ne, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin kowa da launi yake farawa. Ni kuwa launi ne abin da nake dubawa a ƙarshe.

Ka fara tabbatar da cewa shi ɗin ne. Shimfiɗaɗɗiyar tsutsar teku tana rikita mutane sosai, saboda ita ma tana da launi mai kyau. Amma ita siririya ce ƙwarai, ba ta da kauri, tana sulalewa da sauri tana bin siffar duk abin da ta hau, kuma ba ta da tuntun numfashi. Abin da ke kama da ƙaho a kanta sau da yawa naɗin gefen jiki ne kawai. Dodon wuri, wanda a da ake kuɗi da ɓawonsa, in yana da rai yakan lulluɓe ɓawon da fata har ya ɓace, amma in an taɓa shi sai fatar ta janye ɓawon ya bayyana. Akwai ma ƙaramin kokwamban teku, Pearsonothuria graeffei, wanda a ƙuruciyarsa yake kwaikwayon Phyllidia varicosa mai guba don kifi ya ƙyale shi.

In ka tabbata, sai ka yi wa dabbar tambaya guda: da me kike numfashi, kuma a ina yake? Amsar ita ce ke raba manyan rukunai. Babban rukuni shi ne Nudibranchia, wanda aka san nau'i sama da 3,000 a cikinsa. Daga cikinsu akwai masu faffaɗan baya da mayafin fata ya rufe, da tuntun numfashi a zagaye can wajen ƙarshen baya. Waɗannan su ne dorid, kuma yawancinsu soso ko buryozowa suke ci. Ka kusanto da burushi kusa da tuntun ka gani: a wasu yana shigewa gaba ɗaya cikin wani aljihu ya ɓace, a wasu kuma yana takurewa ne kawai a waje. Wannan ɗan bambanci yana raba dangi da dangi. Masu gurzajjen baya na dangin Phyllidia ba su da tuntu sam, gaɓoɓin numfashinsu suna jere ne a ƙarƙashin gefen mayafi.

Sai masu siririn jiki da yatsu jere a baya, wato eyolid. Yatsun nan abin kallo ne in ka sa gilashi. A cikin kowanne akwai reshen hanjin dabbar, shi ya sa launin yatsun ke canzawa gwargwadon abin da ta ci. A can tsinin kuma akwai 'yar jaka, sau da yawa fara, inda take ajiye ƙwayoyin harbin da ta haɗiye daga anemoni ko haidiroyid ba tare da sun fashe ba, ta mayar da su makamin kare kai. In an matsa mata takan zubar da wasu yatsun, daga baya su sake tsirowa, saboda haka ƙidayar yatsu ba abin dogaro ba ce sosai. Yadda suka jeru, layi-layi ko tari-tari ko a lanƙwashe, shi ya fi amfani. Waɗanda abin bayansu ke da rassa ko ƙulle-ƙulle, kuma ƙahonninsu ke fitowa daga cikin kube, irin Dendronotus da Doto, wani reshe ne daban.

Akwai kuma waɗanda ba Nudibranchia ba ne ko kaɗan, ko da yake ana haɗa su a suna ɗaya. Sacoglossa masu tsotson ciyawa ne: suna huda ƙwayar ciyawar teku da haƙori guda, su zuƙe abin ciki. Wasu, kamar Elysia, suna da fukafukai biyu na fata da ke naɗuwa a baya, wasu kuma suna da yatsu har a ɗauka eyolid ne, sai dai ba su da jakar harbi, kuma a kan ciyawa ake samunsu. Korensu yana da labari: suna riƙe ƙananan korayen ƙwayoyin da ciyawa ke haɗa abinci da su daga hasken rana, su ajiye su a jikinsu da rai. Elysia chlorotica ta gabashin Amurka ta Arewa tana iya yin watanni a haka. A 2021 ma masu bincike a wata jami'a da ke Nara, a Japan, sun ba da rahoton cewa Elysia marginata tana iya tsinke kanta daga gangar jiki, kan ya ci gaba da yawo yana ci, ya sake tsiro da sabon jiki har da zuciya cikin kimanin mako uku.

Zomon teku, na gidan Aplysia, shi ne wanda ka fi yiwuwar fara gani saboda girmansa. Wasu sun kai tsawon tafin hannu, wasu sun ninka haka, kuma Aplysia vaccaria ta Kalifoniya tana iya kusantar kilo 14. Yana kiwo a kan ciyayi a ruwa mai kwanciya, yana da fukafukan fata biyu, da ɗan ragowar ɓawo a ɓoye a cikin baya, kuma da yawansu suna fesa ruwa mai launin shunayya in an dame su. A jikin ɗaya daga cikinsu, Aplysia californica, Eric Kandel ya yi binciken yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu, saboda ƙwayoyin jijiyarsa manya ne kuma ba su wuce kimanin 20,000 ba, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000. Sauran rukunai biyu a taƙaice: in gaɓar numfashi guda ce a gefen dama, tsakanin mayafi da tafi, to mai numfashin gefe ne, irin Berthella. In kuma kan faffaɗa ne mai siffar garkuwa, ba ƙahonni na sosai, yana kutsawa cikin yashi ko laka, wani lokaci da siririn ɓawo, to Cephalaspidea ne.

Bayan rukuni, sai ƙahonnin nan biyu na saman kai, waɗanda da su dabbar ke shinshinar ruwa. Ka sa gilashi ka dube su da kyau, domin suna faɗin gaskiya fiye da launi. Akwai masu sulɓi, akwai masu ganye-ganye a jere, akwai masu zobe-zobe, akwai masu ƙuraje, akwai naɗaɗɗu masu tsaga a gefe kamar na zomon teku da na yawancin masu tsotson ciyawa. Ka duba ko suna shigewa cikin rami, ko ramin yana da baki mai tasowa. Daga nan ka duba gaban kai, ko akwai dogayen gashin baki biyu, ko 'yan yatsu a goshi kuma guda nawa. Ka duba fatar baya: sulɓi ce, ko ƙuraje, ko laushi mai gashi-gashi irin na gidan Jorunna. In dabbar ta hau gefen kwano mai haske, ko ta yi rarrafe a kife a ƙarƙashin fuskar ruwa, abin da ƙananan kan yi, ka samu damar ganin cikinta, ka duba siffar baki da kusurwoyin gaban tafi, da ko akwai ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin mayafi. Nau'o'i biyu da suka yi kama ta sama sukan rabu ta ƙasa.

Sai yanzu launi, kuma shi ma tsarinsa ake dubawa: layin gefen mayafi ɗaya ne ko biyu, wane ne a waje, layukan baya a haɗe suke ko a yanke, ƙaho da tuntu launinsu ɗaya da jiki ko daban. Dalilin da ya sa ban yarda da launi shi kaɗai ba uku ne, kuma duka suna faruwa a lokaci ɗaya. Nau'i ɗaya yana iya zuwa da launi daban-daban saboda abinci ko shekaru ko wuri: Polycera quadrilineata akwai fari mai ɗigon rawaya, akwai wanda baƙi ya kusa rufe shi. Nau'o'i daban kuma suna iya sa riga iri ɗaya, domin da yawa suna tara guba daga soso, kuma launi mai ƙarfi gargaɗi ne ga kifi. In masu guba da yawa a yanki ɗaya suka yi kama, kifi yana saurin koyon darasi, kowa ya amfana. Shi ya sa a Bahar Rum da gabashin Atlantika za ka tarar da 'yan gidan Felimare da yawa shuɗɗa masu layin rawaya ko fari. Wani bincike na 2018 a kan gidan Chromodoris na tekun Indiya da Fasifik ya nuna cewa nau'i ɗaya yana iya ɗaukar kamannin wani a wani yanki, ya kuma ɗauki na wani daban a wani yankin. Na uku, haske yana yaudara: ruwa yana fara shanye ja, don haka abin da ka gani a inuwar dutse ba shi ne abin da fitilar kyamara za ta nuna ba.

Saboda haka ina ba ka shawara ka saba da tsayawa a sunan gida. Sunan kimiyya kashi biyu ne, na farko na gida, na biyu na nau'i. In ka ce wannan Doto ne amma ban kai ga nau'insa ba, ka faɗi abin da ke daidai, kuma ya fi amfani a kan cikakken suna na zato. Su kansu masana sau da yawa ba sa yanke hukunci sai sun ciro harshen dabbar, wanda ke da haƙora jere kamar magagari, su duba shi a ƙarƙashin na'urar ganin ƙananan abubuwa, su duba gaɓoɓin haihuwa, su kuma gwada DNA. Gwajin nan ya sauya sunaye da yawa. A 2016 aka gano cewa Hermissenda crassicornis, wanda aka daɗe ana ɗauka nau'i ɗaya ne daga Japan har Meziko, nau'i uku ne, kuma da aka koma kan hotuna sai ga bambancin a fili: na arewacin gaɓar Amurka yana da farin layi a tsawon yatsunsa, na kudu, Hermissenda opalescens, ba shi da shi. A shekarar dai aka raba Aeolidia papillosa shi ma. Zomon teku mai baƙaƙen zobba, Aplysia dactylomela, da aka fara gani a Bahar Rum a tsibirin Lampedusa a 2002, an zaci ta mashigin Suwez ya shigo daga Bahar Maliya, sai DNA ya nuna daga Atlantika ya zo, kuma mai kama da shi na tekun Indiya da Fasifik wani nau'i ne, Aplysia argus. Darasin da ke nan ga mai nema shi ne ya yi amfani da littafin jagora na yankin tekun da yake, sabon bugu in da hali. Kada ka ga abu a gaɓar Atlantika ka laƙaba masa sunan wani da ka gani a hoton Filifin ko Indunusiya don kawai sun yi kama. In kana so ka san sunan da ake amfani da shi yanzu, rumbun sunayen halittun teku na intanet mai suna WoRMS yana nuna tsohon suna da wanda ya maye gurbinsa.

Abin da zai sa wani masani ya iya taimaka maka shi ne irin shaidar da ka kawo. In aka sa dabbar nan cikin sinadarin adanawa, launinta yana gushewa, jikin ya takure, shi ya sa tun tsakanin 1845 da 1855 Joshua Alder da Albany Hancock a Ingila suka dage da zana su da ransu, da launinsu, har da ƙwansu. Hotonka yau wannan aikin yake yi. Ka ɗauka tun tana kan abincinta kafin ka taɓa ta. Ka ɗauka ta sama, ta gefe, ta ƙasa in ya yiwu, da ɗaya na kusa a kan ƙahonni. Ka sa rula a gefe, ka auna tsawon lokacin da ta miƙe tana tafiya. Ka ɗauki ƙwan in yana nan, amma kada ka ce nata ne sai ka ga tana sakawa. Sannan ka rubuta rana, wuri, zurfi, da abin da take kai. Manhajar iNaturalist tana karɓar irin wannan, kuma akwai masana da ke dubawa su gyara, sai dai sunan da na'urarta ke fara ba ka zato ne daga kamanni, kada ka karɓe shi sai ka gwada shi da ƙira da yanki.

Kuma ka riƙa komawa gaɓa ɗaya a lokuta daban-daban na shekara. Saboda gajartar rayuwarsu, wurin da ya cika da su a wannan wata zai iya zama fayau bayan wata biyu, wani nau'in kuma ya maye gurbin. Wannan ne ya sa suke saurin nuna canjin teku. Lokacin da ruwan gaɓar Kalifoniya ya yi ɗumin da ba a saba ba daga 2014 zuwa 2016, Okenia rosacea (sunansa yanzu Ceratodoris rosacea), wani mai launin ruwan hoda da aka fi sani a kudu, ya cika kwarmin duwatsu a arewacin jihar har ya kai Oregon, kuma an iya tabbatar da hakan ne saboda akwai masu zuwa wuraren suna rubuta abin da suka gani shekara da shekaru. Don haka ranar da ka duba ba ka ga komai ba, ita ma ka rubuta ta, da tsawon lokacin da ka yi kana dubawa da kuma inda ruwa ya tsaya.